Bitar Hidimar 'Yan Sa Kai na CASA: Abin da Na Gani a Shari'ar Yara Uku 'Yan Ciki Ɗaya

Kusan shekara 3 ke nan da ni da maigidana muka karɓi riƙon wani yaro ɗan shekara 9 a jihar da muke zaune a Amurka, bayan da hukumar kula da walwalar yara ta ɗauke shi daga hannun mahaifiyarsa tare da yayarsa mai shekara 13 da ƙaninsu wanda bai cika shekara 3 ba. Rana ɗaya aka ɗauke su, a mota ɗaya, amma a daren nan kowannensu a wuri dabam ya kwana. Ƙaramin ya tafi gidan wasu ma'aurata da ke karɓar ƙananan yara kaɗai, yarinyar aka kai ta gidan kwanan 'yan mata mai nisan tafiyar kusan awa 2 a mota, shi kuwa na tsakiyar aka kawo mana shi da ƙarfe 11 na dare, yana riƙe da baƙar leda mai ɗauke da 'yan kayansa. Doka ba ta ba ni damar faɗin sunayensu ko garin da abin ya faru ba, kuma ko da ta ba ni ba zan faɗa ba. Abin da zan yi bitarsa a nan shi ne hidimar da ta shigo cikin shari'arsu a wata na biyar, wato ta 'yan sa kai da kotu ke naɗawa domin su tsaya wa yaron da ke hannun riƙo, waɗanda aka fi sani da CASA, kuma ma'aunina guda ne: me hidimar ta tsinana a kan abin da ya fi cin ran yaron da ke gidanmu, wato ganin 'yan'uwansa.

Wani alƙali ne a birnin Siyatul na jihar Washintan, mai suna David Soukup, ya assasa wannan tsari a 1977. Abin da ya dame shi shi ne yana yanke hukunci a kan makomar yara, ko a mayar da su gida ko a raba su da iyayensu har abada, alhali abin da ke gabansa bai wuce 'yan takardu da jawabin lauyoyi ba, kuma babu wanda ya zauna da yaron har ya san halin da yake ciki. Sai ya nemi mutanen gari su sa kai, a horar da su, kowanne ya ɗauki shari'a ɗaya ya bi diddiginta, sannan ya zo ya gaya wa kotu abin da ya gani. A 1982 aka kafa ƙungiyar ta ƙasa baki ɗaya, a 1990 majalisar dokokin tarayya ta mara wa faɗaɗa tsarin baya, a 1996 kuma aka gyara dokar kare yara daga cin zarafi ta 1974 yadda ɗan sa kai irin wannan zai iya zama wakilin da doka ta wajabta a naɗa wa yaro a gaban shari'a. Yanzu akwai shirye-shiryen a kusan dukkan jihohin ƙasar da gundumar babban birninta, amma kowane shiri yana cin gashin kansa ne a gundumarsa ko jiharsa, saboda haka ƙa'idojin aiki da ingancinsa sukan bambanta daga wuri zuwa wuri. Abin da zan faɗa na yabo na shirin gundumarmu ne, kada mai karatu ya ɗauka ko'ina haka yake.

Hidimar kyauta ce, ba a karɓar ko sisi daga mai riƙo ko daga iyayen yaro, kuma ita 'yar sa kai ba a biyan ta albashi. Alƙali kaɗai ke da ikon naɗawa, amma lauyan yaro ko jami'ar hukuma ko mai riƙo kan iya roƙon a naɗa. Mu ma ta hannun lauyan yaran muka nema, muka jira mako 7 kafin a samu wadda ba ta da shari'a a hannu. Wanda zai shiga aikin sai ya kai shekara 21, an binciki tarihinsa, ya yi horo na awa 30 kafin ya yi rantsuwa a gaban alƙali, sannan ya riƙa ƙara awa 12 na horo duk shekara. Ana buƙatar ya ga yaron ido da ido aƙalla sau ɗaya a wata, kuma ya ɗauki alkawarin zama da shari'ar har ranar da za a rufe ta. Galibi shari'a ɗaya ko biyu yake riƙewa a lokaci guda, kuma 'yan'uwa duk shari'a ɗaya ake lissafa su. Wannan batu na ƙarshe shi ne ƙashin bayan amfanin hidimar a wurin yaran da aka rarraba, domin a duk tsawon shari'ar nan matar da aka naɗa ce kaɗai ke shiga gidajen nan uku a kai a kai, ta ga kowane yaro a inda yake kwana.

A takarda dai haƙƙin 'yan'uwa a rubuce yake. Dokar tarayya ta 2008, wadda shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Oktoba na shekarar, ta wajabta wa jihohi su yi ƙoƙari gwargwadon hali su ajiye 'yan'uwa a gida ɗaya, sai fa idan haɗa su zai cutar da ɗaya daga cikinsu, in kuma an raba su to a tanadar musu ziyara akai-akai ko wata hanyar sadarwa mai ɗorewa. Dokar 2014 ta ƙara da cewa idan an ɗauke yaro a sanar da iyayen da ke riƙe da ɗan'uwansa bisa doka, ta 2018 kuma ta ba da dama a wuce iyakar yara 6 a gidan riƙo idan hakan ne zai hana a raba 'yan'uwa. Sai dai dokar tarayyar ba ta ce sau nawa ne “akai-akai” ba, ba ta kuma faɗi wanda zai tuƙa mota ba, kuma a nan gizo ke saƙar. A ƙarshen Satumba na 2022 yara sama da 368,000 ne ke hannun riƙo a Amurka, kuma gidajen da za su iya karɓar yara 3 ko 4 a lokaci guda ba su da yawa, balle idan a cikinsu akwai budurwa da ɗan yaye. Jami'ar da aka kira da tsakar dare gado take nema, duk inda ta samu, da niyyar a gyara daga baya. Daga bayan nan ne ke zama wata shida, ya zama shekara.

Haka ta kasance da yaranmu. Tsarin da hukuma ta rubuta ya ce za su riƙa haɗuwa sau 2 a wata, amma a watanni biyar na farko sau 3 kacal suka ga juna, kuma duka ukun a ɗakin ofis ne, a cikin awa guda da aka ware domin ziyarar mahaifiyarsu. Duk ranar da uwar ta kasa zuwa, ko don aiki ko don rashin motar haya, sai a soke zaman gaba ɗaya, kamar dai yaran ba su da wata alaƙa da juna in ba ta wurinta ba. Yaron da ke hannunmu ba mai ƙorafi ba ne. Abin da na lura da shi kawai shi ne duk abin da aka ba shi guda biyu, ko 'yar motar wasa ko fensir mai launi, sai ya ajiye ɗaya a cikin wani kwalin takalmi a ƙarƙashin gadonsa. Da na tambaye shi sai ya ce na ƙaninsa ne. Wani dare kuma ya fito daga ɗaki ya same ni a kicin, ya tambaye ni ko mutanen can sun san cewa ƙaninsa ba ya barci sai an riƙa shafa masa baya, domin shi da yayarsa ne suke yi masa bi da bi. Na kira ofishin na bar saƙo, na sake kira, amma a lokacin jami'ar farko ta ajiye aiki kuma ba a riga an miƙa fayil ɗin ga wata ba.

Matar da aka naɗa dattijuwa ce da ta yi ritaya daga aikin ɗakin karatu. Ran da ta fara zuwa ta nuna mana takardar naɗinta mai hatimin kotu, wadda ta ba ta ikon duba bayanan makaranta da na asibiti da fayil ɗin hukuma, ta kuma bayyana mana tun daga bakin ƙofa cewa ita ba ma'aikaciyar hukuma ba ce, ba lauya ba ce, kuma ba domin mu ta zo ba. Na ji daɗin wannan magana ko da yake ta ɗan yi mini nauyi, domin ta sa na san matsayina, wato ni ma ɗaya ce daga cikin waɗanda za ta bincika. Ta zauna a ƙasa kan darduma tare da yaron kusan awa guda suna haɗa hoton nan da ake yayyankawa gutsi-gutsi, ba ta yi masa tambayar abin da ya faru a gidansu ba ko sau ɗaya. Da za ta tafi sai ta ce masa ita za ta riƙa yi wa alƙali bayani a kansa, ko akwai abin da yake so alƙali ya sani. Ya yi shiru, ya shiga ɗaki, ya fito da kwalin takalmin nan ya ajiye a gabanta. Ba ta karɓa ba. Ta ce masa da hannunsa zai ba ƙaninsa, aikinta shi ne ta ga an sa rana, ta kuma ƙara da cewa ba za ta yi masa alkawarin abin da ba a hannunta yake ba.

Abin da ya fi burge ni a aikinta shi ne haƙurin bin sawun dalili. A fayil ɗin hukuma, gaban kowace ziyarar da aka soke an rubuta gajeren dalili ne, galibi rashin abin hawa. Ita kuwa sai ta ɗauki kalanda ta jera ranakun da aka tsara da waɗanda aka cika, sannan ta bi gida-gida tana tambayar abin da ya faru a kowace rana. A nan ta gano cewa, ban da ranakun da uwar ta kasa zuwa, dalilan uku ne, kuma ba su da alaƙa da juna. Gidan kwanan da yarinyar take yana da tsarin maki na ladabtarwa, wanda duk yarinyar da makinta ya faɗi ba ta fita ƙarshen mako, saboda haka sau 2 an hana ta ganin ƙannenta domin ta yi wa wata ma'aikaciya tsiwa. Ma'auratan da ke riƙe da ƙaramin sun ga yana kuka na kwana biyu bayan kowace ziyara, sai suka ɗauka ziyarar ce ke cutar da shi, suka fara kawo uzuri. Sauran kuwa gaskiya rashin direba ne, domin mai jigilar yara guda ɗaya ce ofishin ke da ita a yankin. Ba ta ɗauki kowa a matsayin abokin gaba ba. Ta zauna da ma'auratan nan, waɗanda mutanen kirki ne ƙwarai, ta kawo musu bayanin likitan yaron cewa kukan rabuwa alama ce ta shaƙuwa, kuma abin da ke rage shi shi ne yaro ya saba da cewa wanda ya tafi zai dawo. A wannan zaman ne ta isar da saƙon shafa baya, wata 6 bayan yaron ya ba ni shi.

Kotu kan sake duba shari'ar riƙo aƙalla duk wata 6, kuma kafin kowane zama 'yar sa kai takan miƙa rahoto a rubuce wanda alƙali da lauyoyin kowane ɓangare ke karantawa. Ba a ba ni rahoton ba, domin mai riƙo ba ya cikin masu shari'ar, amma na halarci zaman na ji abin da aka karanto daga ciki. Ba ta rubuta cewa ya kamata a ƙarfafa zumunci tsakanin yaran ba, irin jimlar da kowa zai gyaɗa wa kai a wuce. Ta nemi a ba da umarni cewa yaran za su haɗu Asabar ta farko da ta uku a kowane wata na aƙalla awa 3, a wajen ofis, ko mahaifiyarsu ta zo ko ba ta zo ba, kuma a rubuta sunan wanda zai kai kowane yaro, a haramta hana ziyarar a matsayin horo, sannan duk wadda aka soke a rama ta cikin kwana 14. Da lauyan hukuma ya ce suna iya ƙoƙarinsu, sai alƙali ya juya ga dattijuwar. Ta miƙe ta ce, “Ya mai shari'a, an tsara ziyara 12, an yi 3, ga ranakun.” Alƙali ya karɓi duk abin da ta nema in ban da wa'adin kwana 14, wanda ya mayar kwana 30. Ni a ganina wannan shi ne ainihin abin da hidimar ke sayarwa, in za a kira shi haka, wato mutum mai lokacin ƙirga kwanaki kuma mai kujera a ɗakin da ake yanke hukunci.

Bayan umarnin nan ziyara ta daidaita, ko da yake ba ta zama cikakkiya ba. Jami'ai 3 suka riƙe fayil ɗin kafin a rufe shi, kuma kowace sabuwa takan zo ba ta san da umarnin ba, sai dattijuwar nan ta aika mata da kwafinsa tun a makon farko. Haɗuwar farko a wani filin wasa aka yi. Ƙaramin ya ɓuya a bayan uwar riƙonsa na kusan minti 10, yana leƙen yayyensa kamar baƙi, kuma na ga yadda fuskar yarinyar ta canja, domin ita ta goye shi tun yana jariri. Ba ta matsa masa ba. Ta durƙusa daga nesa ta fara rera wata 'yar waƙa da suke yi masa a gida, sai ga shi ya tako a hankali ya zauna a cinyarta. Namu kuwa ya buɗe kwalinsa yana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin ranar da aka ba shi kowanne. Tun daga ranar na daina ganin maganar nan ta Hausawa cewa zumunci a ƙafa yake a matsayin nasiha ga manya kawai, domin ɗan shekara 3 ba ya riƙe ɗan'uwa a zuci na wata da watanni, sai an kawo masa shi ya gani.

Dattijuwar ce kuma ta kawo shawarar a tura manyan biyu sansanin Camp To Belong a hutun bazara, ta sa aka rubuta izinin a umarnin kotu tun da wuri domin kada takardu su makara. Lynn Price ce ta kafa wannan sansani a 1995, wadda ita kanta a hannun riƙo ta tashi, kuma sai da ta kai shekara 8 ta san tana da yaya da ke zaune a wani gida. Sansanin na kusan mako guda ne, ana tara 'yan'uwan da riƙo ya raba su ci tare su yi wasa tare, a kuma yi musu bikin ranar haihuwa na bai ɗaya inda kowa ke ba ɗan'uwansa kyauta, tunda yawancinsu ba sa samun halartar na juna. Yaronmu ya dawo da matashin kai wanda yayarsa ta yi masa rubutu a jiki, kuma da shi yake kwana har ya bar gidanmu. Ƙaramin bai kai shekarun shiga ba, saboda haka wannan alheri bai same shi ba.

To, ga inda hidimar ta gaza ko take da iyaka, kuma wajibi ne a faɗa. Na farko, 'yar sa kai shawara take bayarwa, ba ta da ikon tilasta wa kowa, kuma tsakanin zaman kotu da zaman kotu makaminta bai wuce waya da wasiƙa da naci ba. Ba za ta iya ƙirƙiro gida mai gado 3 ba, shi ya sa duk da ta rubuta a kowane rahoto cewa a ci gaba da neman gidan da zai haɗa su, ba a taɓa samu ba. A shirye-shirye da dama, har da namu, ba a yarda ɗan sa kai ya ɗauki yaro a motarsa ba, ko ya kai shi gidansa, ko ya ba shi kuɗi. Na fahimci hikimar hakan, amma sakamakonsa shi ne mutumin da ya fi kowa son a yi ziyarar shi ne ba zai iya kai yaron ba, sai nauyin ya dawo kan masu riƙo, kuma mu ne muka riƙa yin tafiyar awa 4 zuwa da dawowa sau ɗaya a wata. Sannan 'yan sa kan ba su kai yawan yaran ba, alƙalai kan ware su ne ga shari'o'in da suka fi sarƙaƙiya, ragowar yara kuma su yi ta jira ko su gama zamansu ba su samu ba.

Na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Horon awa 30 kaɗan ne ga mutumin da maganarsa za ta iya karkata hukuncin raba uwa da ɗa. Mafi yawan 'yan sa kan mata ne farar fata masu rufin asiri, yayin da iyalan da ake ɗauke wa yara galibi talakawa ne, kuma yaran baƙar fata sun fi yawa a hannun riƙo in aka kwatanta da yawansu a cikin al'umma. Dalilin da aka fi rubutawa na ɗauke yara a ƙasar shi ne sakaci, sama da kashi 60 cikin 100, kuma sau da yawa zaren da ke tsakanin sakaci da talauci siriri ne. Wanda bai taɓa rasa kuɗin haya ba yana iya shiga ɗaki ɗaya da mutum 4 ke kwana a ciki ya ga haɗari, alhali abin da ke wurin rashi ne. Wani bincike da masana na Jami'ar Tekzas da ke Ostin suka yi a ƙarƙashin Cynthia Osborne, a kan dubban yara a jihar, ya gano cewa yaran da aka naɗa wa ɗan sa kai ba su kai sauran komawa hannun iyayensu ba. Masu kare tsarin sukan amsa da cewa dama shari'o'in da suka fi wuya ake ba su, kuma akwai gaskiya a cikin hakan, amma ban ga ya isa ya kawar da tambayar ba. Matar da aka haɗa mu da ita ta ziyarci mahaifiyar yaran sau da dama, ta rubuta abin da ta cika daga sharuɗɗan kotu kafin ta rubuta abin da ta kasa, kuma wannan adalci daga halinta ya fito. Iyalin da ba su dace da irinta ba za su ɗanɗana wata hidima dabam ƙarƙashin suna ɗaya.

Akwai kuma abin da ya kamata duk yaro mai wayo a gaya masa tun farko, wato ɗan sa kai yana magana ne a kan abin da yake ganin shi ne maslahar yaro, wanda ba lallai ya zo daidai da abin da yaron ke so ba. Yarinyar nan ta so a mayar da su duka wurin mahaifiyarsu nan take. Dattijuwar ta rubuta wannan buri nata a rahoto da kalmomin yarinyar, sannan ta rubuta nata ra'ayin cewa lokaci bai yi ba, kuma ta je ta gaya mata baki da baki kafin ranar zama domin kada ta fara ji a kotu. Yarinyar ta yi wata 2 ba ta yi mata magana. Dattijuwar ta ci gaba da zuwa duk da haka, takan zauna a ɗakin baƙi na gidan kwanan ta cika lokacinta ta tafi. Ina ganin ta yi daidai, amma ina kuma ganin budurwa mai shekara 14 tana da haƙƙin samun lauya nata na kanta wanda zai faɗi abin da take so ba tare da tacewa ba, kuma ɗan sa kai ba ya maye gurbin wannan.

Wata dokar tarayya ta 1997 ta ce idan yaro ya yi wata 15 daga cikin watanni 22 na baya-bayan nan a hannun riƙo, jiha ta nemi kotu ta yanke haƙƙin iyaye, sai in akwai dalili mai ƙarfi, kamar yaron yana hannun dangi. Wannan agogo ne ya yanke makomar yaran. An samo wata innarsu, ƙanwar mahaifiyarsu, a wata jiha, ta yarda za ta karɓi manyan biyu, kuma binciken da yarjejeniyar jihohi ta wajabta kafin a ƙetare da yaro ya ci wata 5, wanda a cikinsu dattijuwar ta riƙa bibiyar takardun kusan duk mako. Ƙaramin kuwa ya riga ya yi fiye da rabin abin da yake iya tunawa na rayuwarsa a gidan ma'auratan nan, innar ma ba ta da halin ɗaukar uku, sai kotu ta amince su mayar da shi ɗansu a doka. A nan ne babban giɓin yake, kuma na doka ne. Da zarar an kammala wannan, iyayen da suka ɗauki yaro su ke da ikon cewa wa zai gani, kuma ƙarfin yarjejeniyar ci gaba da zumunci ya danganta da dokar kowace jiha. Aikin 'yar sa kai shi ma yana ƙarewa ne a ranar da aka rufe shari'a. Ta san da haka, shi ya sa ta ƙarar da watanninta na ƙarshe wajen shawo kan ɓangarorin biyu su sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya ta haɗuwa sau 4 a shekara da kiran bidiyo duk ranar Lahadi.

Ga mai riƙo ko dangin da ke da yaro a irin wannan shari'a a Amurka, musamman idan an raba shi da 'yan'uwansa, shawarata ita ce ya nemi a naɗa ɗan sa kai tun a zaman kotu na farko da ya samu dama, kada ya jira wata biyar kamar yadda muka yi, kuma ya riƙa ajiye nasa lissafin ranakun ziyara domin ya miƙa masa. Ya kuma shirya cewa za a leƙa gidansa shi ma, kuma wata rana za a rubuta abin da bai yi masa daɗi ba. Wanda ke tunanin shiga aikin kuwa ya auna ko zai iya zama shekara 2 a kan shari'a ɗaya, domin yaran nan sun gaji da manya masu zuwa su tafi, kuma wanda zai janye a tsakiya gara bai fara ba.

Wata 9 ke nan da rufe shari'ar. Yaron yakan kira mu lokaci-lokaci daga gidan innarsa, kuma daga bakinsa nake jin yadda ake ciki. Kiran Lahadi yana tafiya, sai dai ƙaramin ba ya iya zama gaban waya fiye da 'yan mintuna. Daga haɗuwa 3 da ya kamata a ce an yi zuwa yanzu an yi 2, ta ukun an ɗage ta saboda tsadar tafiya, kuma ba a sa sabuwar rana ba tukuna. Ya ce yayarsa ce yanzu ke riƙe da kalanda, ita ke rubuta ranakun, ita ke tuna wa innarsu ta kira ma'auratan, kuma shekararta 16.